Auna Muhimmancin Asusu a Ragar Sada Zumunta Mai Hawa-hawa: Tambayoyi da Amsoshi

An shirya wannan shafi domin ɗalibai, 'yan jarida da masu nazarin bayanai waɗanda akan miƙa wa tarin bayanan kafofin sada zumunta a ce su fito da mutanen da suka fi tasiri. Kalmomi biyar za su riƙa maimaituwa. Raga ita ce dukan saƙar alaƙar da ke tsakanin mutane. Gaɓa ita ce mutum ɗaya ko asusu ɗaya, kamar gaɓar rake. Zare shi ne alaƙar da ta haɗa gaɓa biyu. Hawa nau'in alaƙa ne guda, kamar hawan bene. Matakala kuwa ita ce abin da ya haɗa mutum da kansa daga wannan hawa zuwa wancan.

Mece ce raga mai hawa-hawa?

Raga ce da mutanenta ɗaya ne amma alaƙarsu iri-iri ce, kowane iri da hawansa. Tana zuwa ta fuska biyu. Ta farko, dandali ɗaya mai mu'amala daban-daban: a X (Twitter a da), bin mutum hawa ne, sake yaɗa saƙonsa hawa ne, ambatonsa hawa ne, mayar masa da martani ma hawa ne. Ta biyu, dandamali daban-daban: mutum guda yana Facebook, yana YouTube, yana TikTok, kuma abokan huldarsa a kowanne ba lallai su zama ɗaya ba.

Akwai kundin bayanai biyu da aka saba koyo a kansu. Ƙaramin na ma'aikata 61 ne na sashen kimiyyar kwamfuta na jami'ar Aarhus a ƙasar Denmak, mai hawa biyar: aiki tare, cin abincin rana tare, shaƙatawa tare, rubuta maƙala tare, da abota a Facebook. Babban kuma na Twitter ne, wanda aka tattara daga 1 zuwa 7 ga Yulin 2012, makon da aka sanar da gano ƙwayar Higgs, wata ƙwayar zarra da masana kimiyyar fiziks suka daɗe suna nema, a cibiyar binciken CERN da ke Turai. Yana da asusai sama da 450,000.

Me zai hana a haɗe hawan duka su zama raga ɗaya a huta?

Ana yi, kuma wani lokaci ya wadatar. Amma akwai ɓarna iri uku da haɗewar ke jawowa, kuma ya kamata ka san wacce ka yarda ka ɗauka.

Ta farko, babban hawa yana danne ƙanana. A kundin Higgs, hawan bi yana da zare kusan miliyan 15, hawan martani kuwa dubu talatin da 'yan kai ne kawai, wato tazarar ta haura ninki 400. In ka tara su, abin da za ka samu jerin masu yawan mabiya ne sanye da wata riga. Ga shi kuma martani ya fi bi nauyi a matsayin shaidar mu'amala, don bi danna maɓalli ne sau ɗaya, martani kuwa sai mutum ya zauna ya rubuta.

Ta biyu, haɗewa tana ƙirƙiro hanyoyin da babu su. A ce Audu abokin Binta ne a Facebook, Binta kuma tana hulɗa da Cindo a X. A haɗaɗɗiyar raga, tsakanin Audu da Cindo taki biyu ne kacal. A zahiri labarin Audu ba zai isa wurin Cindo ba sai Binta ta kwafe shi da hannunta, ta buɗe wata manhaja, ta liƙa. Wannan ƙetarawa tana da tsada, kuma yawancin abin da mutum ya karanta ba ya ƙetarar da shi. Duk ma'aunin da ya dogara da gajeriyar hanya zai ba Binta matsayin da watakila ba ta da shi.

Ta uku, ana rasa sanin yadda alaƙar mutum ta rarrabu. Mai zare 30 duk a hawa ɗaya da mai goma-goma a hawa uku za su fito daidai wa daida, alhali in dandali ɗaya ya rufe asusunsu, na farko ya ɓace ɗungurungum, na biyu bai rasa ko rabi ba.

Idan an ce gaɓa tana da "muhimmanci", me ake nufi?

Babu ma'ana guda, kuma nan ne yawancin aiki ke karkacewa tun kafin a taɓa kwamfuta. Kowane ma'auni amsar wata tambaya ce daban.

Yawan zare yana amsa: mutum nawa ne ke jin muryarsa kai tsaye? Kusanci yana amsa: da taki nawa yake isa ga kowa? Dillanci, wanda Linton Freeman ya tsara lissafinsa a 1977, yana ƙirga gajerun hanyoyi nawa ne tsakanin sauran mutane suke bi ta kansa. Ma'aunin martabar maƙwabta, na Phillip Bonacich a 1972, yana cewa darajarka tana zuwa daga darajar waɗanda ka haɗu da su. PageRank, wanda Sergey Brin da Larry Page suka bayyana a 1998 don jera shafukan intanet, ɗan gidan wannan ne, sai dai yana raba darajar mai bayarwa gwargwadon yawan waɗanda yake nunawa.

Tsohon misali na nuna bambancin. A ragar auratayya da ta kasuwanci ta manyan gidajen birnin Fulorans na Italiya a ƙarni na 15, gidan Strozzi ya fi gidan Medici dukiya a rajistar harajin 1427, amma Medici ne suka fi kowa maki a dillanci, don gidaje da yawa ba su da hanyar isa ga juna sai ta wurinsu. Su ne kuma suka riƙe birnin.

Don haka ka rubuta tambayarka a jimla ɗaya kafin komai. Mai neman wanda zai baza sanarwar rigakafi da mai neman wanda in an cire shi jita-jita za ta kasa ƙetarawa daga rukuni zuwa rukuni ba abu ɗaya suke nema ba.

Yawan mabiya bai isa ba?

Bai isa ba. A 2010 Meeyoung Cha da abokan aikinta sun nazarci asusan Twitter kimanin miliyan 54, suka kwatanta mabiya, sake yaɗawa da ambato, suka ga cewa masu tarin mabiya ba lallai su ne ake yaɗa maganarsu ko ake ambatonsu ba. Mabiya ana sayensu, kuma da yawa sun daina buɗe manhajar tuntuni.

Wane ma'auni ne mafi sauƙi da ya san da zaman hawa-hawa?

Ma'aunin rarrabuwa, wanda Battiston, Nicosia da Latora suka gabatar a 2014. Da takarda da biro ma ana yinsa. Ka ƙirga zaren mutum a kowane hawa, ka kira shi k. Ka tara su duka, ka kira jimillar o. In yawan hawa M ne:

P = M ÷ (M − 1) × [1 − jimillar (k ÷ o)²]

Ga mutum uku a hawa uku, kowanne da jimillar zare 30. Mai 30, 0, 0 zai sami P = 0. Mai 10, 10, 10 zai sami P = 1. Mai 20, 8, 2 kuwa: 400 da 64 da 4 sun ba da 468, a raba da 900 ya zama 0.52, a cire daga 1 saura 0.48, a ninka da 1.5, P = 0.72.

Kada a karanta P shi kaɗai. Mai zare ɗaya-ɗaya a kowane hawa shi ma 1 zai samu. A zana o a gefe guda, P a ɗaya gefen. Waɗanda suka yi sama a duka biyun su ne manyan da ke ko'ina. Kuma in hawan ba girmansu ɗaya ba, a fara raba k na kowane hawa da matsakaicin zaren wannan hawan, in ba haka ba kusan kowa zai fito kusa da sifili saboda babban hawa ya cinye jimillar.

Yaya ake gina babban jadawalin da ake yin sauran lissafin a kansa?

Tsarin da aka fi bi ya samo tushe daga ayyukan Manlio De Domenico da abokansa a 2013 da na Mikko Kivelä da nasa a 2014. Matakan su ne:

1. Ka ba kowane mutum lamba ɗaya tak, daga 1 zuwa N, wadda zai riƙe a duk hawa.
2. Ka gina jadawalin maƙwabtaka na kowane hawa, layi N da ginshiƙi N, inda ake sa nauyin zare in akwai, sifili in babu.
3. Ka daidaita nauyin hawan, misali ta raba kowane jadawali da jimillar nauyinsa.
4. Ka jera jadawalan a kan dogon kusurwar wani babban jadawali mai layi N × M, wato daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama.
5. A sauran gurabun, ka haɗa kowane mutum da kansa na wani hawa da wani nauyi da za mu kira ω (omega). Wannan ita ce matakala.
6. Ka yi lissafin ma'aunin a kan babban jadawalin. Kowane mutum zai fito da maki M, ɗaya a kowane hawa. Sai ka tara su.

Abin da ke yawan kashe kwamfuta a nan shi ne ajiye jadawalin da duk sifilansa. Mutum 100,000 a hawa 4 layi 400,000 ne. Cikakken jadawali gurbi biliyan 160 ke nan, a kan bayit 8 kowanne ya kai terabayit 1.28. A ajiye gurabun da ba sifili ba kaɗai, kamar yadda sashen sparse na SciPy, manhajar lissafi ta harshen Python, ke yi, sai ya shiga kwamfutar tafi-da-gidanka.

Sai batun wanda ba ya cikin wani hawa. Wanda ba shi da asusun YouTube da wanda yake da shi amma ba ya hulɗa da kowa ba ɗaya ba ne. In ka ƙirƙira wa na farko gaɓar wofi ka haɗa ta da matakala, PageRank zai riƙa zuba mata maki a banza, wanda daga baya za ka tara masa. Gara a cire irin wannan gaɓa gaba ɗaya.

Nawa ya kamata nauyin matakala ya zama?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi a shafin nan, kuma manhajoji da yawa suna amsa maka ita a ɓoye ta hanyar sa 1. Lambar 1 ba ta da wata tsarki. In zaren hawanka an daidaita su sun koma ƙananan lambobi kamar 0.0001, to 1 matakala ce mai faɗin titi. In kuwa nauyinsu ɗaruruwa ne, 1 tsani ne na kara.

Ga abin da lissafi ya tabbatar game da iyakokin biyu a ma'aunin martabar maƙwabta. Idan ω ya yi ƙasa ƙwarai, hawan sun zama kamar ba su san juna ba, sai makin duka ya taru a hawa mafi ƙarfi, sauran su dusashe. Idan ω ya yi sama ƙwarai, kowane mutum da kwafinsa sun zama abu guda, sakamakon ya koma irin na haɗaɗɗiyar raga, wato ka sha wahalar gina bene ka dawo ɗaki ɗaya. Duk abin da tsarin hawa-hawa zai ƙara maka yana tsakanin waɗannan biyun.

Hanya mafi gaskiya ita ce a ciro ω daga bayanai. In kana iya bin sawun wani abu da ake gane shi a kowane dandali, kamar adireshin shafi ko maudu'i mai alamar #, ka ƙirga sau nawa mutum ya gamu da shi a hawa na ɗaya sannan ya wallafa shi a hawa na biyu cikin wani wa'adi, a ce sa'o'i 24. Wannan kason shi ne ma'aunin faɗin matakalar. Ka lura ba dole hawa da sauka su zama daidai ba: bidiyon TikTok na yawo a sauran dandamali ɗauke da tambarinsa, amma doguwar muhawarar Facebook ba ta cika komawa TikTok ba. Don haka ω biyu ake bukata a kowane haɗi, ba ɗaya ba.

In babu irin wannan bayani, kada ka zaɓi lamba ɗaya ka yi shiru. Ka gwada 0.01, 0.1, 1, 10 da 100 na matsakaicin nauyin zare, ka fitar da mutum 20 na sama a kowanne. Waɗanda suka zauna daram a duk gwajin su ne za ka iya tsayawa a kansu gaban kowa. Waɗanda ke shiga suna fita kuwa, matsayinsu zaɓinka ne ya ba su, kuma wajibi ne rahoton ya faɗi haka ɓaro-ɓaro.

PageRank ko martabar maƙwabta?

A ragar da zarenta ke da kibiya, PageRank ya fi aminci. Martabar maƙwabta tana ba da sifili ga duk wanda babu mai nuna shi, sannan sifilin ya bi ya shafi waɗanda su kaɗai ke nuna su. Tana kuma da halin tattara maki kusan duka a kan babban asusu ɗaya da maƙwabtansa. PageRank yana kauce wa wannan da tsalle: ana kwatanta wani mai yawo a cikin ragar wanda, a kowane taki, yana bin zare da yiwuwar 0.85, ko ya dira a kan wata gaɓa ta daban da yiwuwar 0.15. Kuskuren lissafin yana raguwa da aƙalla wannan ninki na 0.85 a kowane zagaye, don haka zagaye kimanin 85 ya isa a kai daidaiton kashi ɗaya cikin miliyan. In ka ɗaga lambar zuwa 0.99, shirya wa zagaye sama da dubu.

A raga mai hawa-hawa sai ka yanke inda tsallen zai iya sauka: cikin hawan da mai yawo yake, ko ko'ina a benen. Na biyun matakala ce ta ɓoye, mai aiki ko da ka sa ω sifili.

Na sa lissafin dillanci tun jiya bai gama ba. Me ya faru?

Ba abin da ya lalace. Hanya mafi sauri da aka saba amfani da ita, ta Ulrik Brandes ta 2001, tana cin aiki gwargwadon yawan gaɓoɓi sau yawan zare. A hawan bi na kundin Higgs wannan ya kusa taki tiriliyan 7. Mafita ita ce samfur: a zaɓi gaɓoɓi 500 ko 1,000 ba tare da son rai ba, a lissafa hanyoyi daga gare su kaɗai. Na saman jeri sukan fito da kyau, na tsakiya da na ƙasa kuwa ba abin dogaro ba ne. A maimaita sau uku da samfur daban don a ga ko na saman sun tsaya. Cikin manhajojin nazarin raga, NetworkX yana da wannan zaɓi, amma igraph ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, don cikinsa da harshen C aka rubuta.

Kusanci shi ma yana da tarkonsa: in ragar ta rabu gida-gida, nisa ya zama mara iyaka, lissafin ya rushe. A tara 1 ÷ nisa a maimakon nisan kansa, wanda ba a iya kaiwa gare shi ya zama sifili.

Ina kibiyar zare ya kamata ta kalla?

In Audu yana bin Binta, daraja tana tafiya daga Audu zuwa Binta, labari kuwa daga Binta yake zuwa wurin Audu. PageRank na son ta farko, kwaikwayon yaɗuwa, wato gwada a kwamfuta yadda labari zai bazu, na son ta biyu. Wanda ya manta ya juya kibiyar zai fito da jerin masu bin kowa da kowa a matsayin manyan masu tasiri.

Akwai kuma wani lahani a bayanan sake yaɗawa na X: suna nuna marubucin asali ne kawai, ba wanda aka ga saƙon a wurinsa ba. Saƙon da ya bi ta hannu biyar zai bayyana kamar kowa daga tushe ya ɗauko shi. Dillalan tsakiya sun ɓace ke nan, don haka auna dillanci a wannan hawa shi kaɗai aikin banza ne.

Ta yaya ake sanin asusun nan da wancan na mutum ɗaya ne?

Mafi inganci shi ne abin da mutum ya bayyana da kansa, kamar adireshin sauran asusansa a bayanin shafinsa. Daidaita suna kaɗai hanya ce mai haɗari, musamman inda suna ɗaya ke da rubutu biyar, Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Mamman, Moh'd, kuma dubban mutane ke amsa shi. Kuskuren iri biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. In ka kasa haɗa asusai biyu na mutum ɗaya, ka rage masa maki ne kawai. In ka haɗa na mutum biyu daban, ka ƙera gadar ƙarya tsakanin rukunai biyu da ba su san juna ba, kuma wannan mutumin da babu shi zai haye saman jerin dillanci. Saboda haka a tsananta sharaɗin haɗawa, sannan a duba mutum 50 na sama da ido ɗaya bayan ɗaya.

Hawan da ba a iya gani fa, kamar WhatsApp?

Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, don haka babu ragarsa da za a sauke. A wuraren da labari ya fi yawo ta saƙon murya da rukunonin WhatsApp, kamar Najeriya da Nijar, wannan babban giɓi ne: mai riƙe da rukunoni goma na unguwa yana iya fin mai mabiya dubu hamsin isar da magana, kuma ba zai bayyana a jadawalinka ba sam. Sauran ƙofofin ma sun ƙuntata, X ya sa kuɗi a kan bayanansa a 2023, Meta kuma ta rufe CrowdTangle, manhajarta ta bibiyar abin da ake yaɗawa a Facebook da Instagram, a Agustan 2024. Abin da ya rage shi ne tambayar mutane kai tsaye, da izininsu, daga wa suka fara jin labari kuma ta wace kafa, a gina hawan daga amsoshinsu.

Yaya zan tabbatar jerin da na fitar yana da inganci?

Gwaji uku. Na farko, raba lokaci: gina ragar da bayanan makonni uku, ka ga ko jerin ya hango waɗanda aka fi yaɗa maganarsu a mako na huɗu. In bai fi jerin yawan mabiya hangowa ba, wahalar ba ta biya ba. Na biyu, goge kashi 10 cikin ɗari na zaren ba tare da zaɓe ba, sake lissafi sau 100, ka ƙirga sau nawa kowane mutum ya tsaya cikin ashirin na sama. Na uku, kwaikwayon yaɗuwa: fara labari daga mutum ɗaya, kowane zare ya isar da shi da wata 'yar yiwuwa, maimaita sau 1,000, ɗauki matsakaicin waɗanda ya kai gare su, sannan kwatanta da jerinka ta ma'aunin tau na Kendall, mai auna yadda jeri biyu suka yi kama. Sai dai in ka sa ω ɗaya a ma'aunin da kwaikwayon, dole su yi kama; kai ka yi tambaya kai ka amsa. Gwaji na farko ne kaɗai ke taɓa abin da ya faru a zahiri.

In ina son yaɗa saƙo, sai in ɗauki goma na saman jeri?

A'a. Na sama galibi unguwarsu ɗaya, masu sauraronsu ɗaya ne, sai ka biya sau goma don isa ga taro guda. Kempe, Kleinberg da Tardos sun nuna a 2003 cewa in ana zaɓa ɗaya bayan ɗaya, kowane karo a ɗauki wanda ya fi ƙaro sababbin mutane a kan waɗanda aka riga aka samu, za a kai aƙalla kusan kashi 63 cikin ɗari na mafi kyawun abin da zai yiwu a tsarin yaɗuwar da suka nazarta. A raga mai hawa-hawa, a ƙirga mutane, ba gaɓoɓi ba: wanda saƙo ya same shi a Facebook da X mutum ɗaya ne.

Waɗanne manhajoji ake amfani da su?

muxViz da multinet a harshen R, pymnet a Python. Ga raga mai miliyoyin zare, gara ka gina babban jadawalin da kanka a SciPy, don a nan ne kake ganin kowace lamba da aka sa.

Akwai abin da doka ta ce?

Akwai. Haɗa asusan mutum na dandamali daban-daban sarrafa bayanan sirri ne, ko da kowane asusu a buɗe yake. A Tarayyar Turai dokar kare bayanai ta GDPR ta fara aiki a Mayun 2018, Najeriya kuma ta kafa dokar kare bayanai a 2023. Goge suna bai wadatar ba: a 2009 Narayanan da Shmatikov sun gano masu asusan Twitter da aka ɓoye sunayensu ta hanyar kwatanta siffar ragar da ta Flickr, dandalin raba hotuna. A musanya sunaye da lambobi tun ranar tattarawa, a ajiye makullin musanyar a wata na'ura daban, kuma in za a wallafa jeri da sunaye, a taƙaita shi ga hukumomi, kafofin labarai da sanannun masu riƙe da muƙami.